Zanen Kakanni Bisa Farin Alawayyo

 

A wannan biki na cikar sarautarmu shekara 100, jawabina bisa labule da shimfiɗar ɗaki ne, masu ɗauke da zanen kakanni.

Ga yadda ake yin su. A huda siffar dagi jikin fallen kwano, a aza shi bisa farin alawayyo, a shafa kunun rogo ta ramukan. In ya bushe, a tsoma cikin baba. Inda kunu ya zauna shuni ba ya kamawa. Da an wanke, zane ya fito fari fat. Yarbawan Abekuta sun daɗe da wannan dabara. Mai son ƙyalle ya yi kamar na dauri, sai ya jiƙa shi cikin ruwan shayi.

Amma shayi launin tsufa kaɗai yake badawa. Siffofi na asali suna jikin bangayen unguwar Birni ta Damagaram, kuma kowace damina sai ta ci rabonta. Roƙona ga fada: a aiki samari su kwafe su, a danƙa wa marina, tun bango bai faɗi da zanensa ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.