ZEMMOUR: KOTU NA CIN TARA, KASUWA NA BIYA

'Yan'uwa, jawabin yau a kan wani ɗan jaridar Faransa ne, Eric Zemmour, wanda ya mayar da zagin Musulmi da baƙi sana'a, kuma sana'ar ta karɓe shi.

An haife shi a 1958 a Montreuil, gefen birnin Paris. Iyayensa Yahudawan Aljeriya ne da suka ƙaura zuwa Faransa, wato shi kansa ɗan baƙi ne. Ya shiga jaridar Le Figaro a 1996, amma talabijin ce ta fito da shi. A 2010 ya ce wai yawancin masu fataucin ƙwaya baƙar fata ne da Larabawa. Kotu ta same shi da laifi a 2011. To sai me ya biyo baya? Littafinsa na 2014, mai kukan cewa Faransa tana kashe kanta, ya sayu dubu ɗaruruwa.

A 2016 ya ce a sa Musulmi su zaɓa, ko Musulunci ko Faransa. Aka ci shi tarar Yuro 3,000. Ya ɗaukaka ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ita ma a 2022 ta ce bai da gaskiya. A 2018 kuwa ya dubi wata 'yar Faransa mai suna Hapsatou Sy, ya ce sunanta cin mutunci ne ga ƙasar. Hafsatu fa! Daga baya ya fito fili yana neman a hana raɗa wa jarirai suna irin su Muhammad.

Amma a lura da nan, 'yan'uwa. Mai irin wannan tarihi ne tashar CNews ta ɗauko a 2019, ta ba shi fili a lokacin da kowa yake gida yana kallo. Tashar kuwa tana hannun attajiri Vincent Bollore, wanda kamfaninsa ya daɗe yana riƙe da tashoshin jiragen ruwa a Afirka ta Yamma har zuwa 2022, kuma shi ya shimfiɗa layin dogon Yamai zuwa Dosso wanda bai yi aiki ba. A wannan filin Zemmour ya kira yaran da ke shiga Faransa ba iyaye ɓarayi, masu kisa, masu fyaɗe. Duk matashin da ke mafarkin tsallaka hamada da teku, ya ji sunan da aka tanadar masa. Aka ci tashar Yuro 200,000, shi kuma 10,000. Ba a kore shi ba, don masu kallo ƙaruwa suke yi. Kowace shari'a talla ce.

Kada kuma wani ya ce ai halin Yahudawa ne. Wannan mutum ya wanke Marshal Petain, wanda a zamaninsa aka kwashe Yahudawa kimanin 75,000 daga Faransa zuwa sansanonin Hitler, ya ce wai ya ceci Yahudawan ƙasar. Shugaban majalisar ƙungiyoyin Yahudawan Faransa da kansa ya yi kira kada a jefa masa ƙuri'a.

A ƙarshen 2021 ya kafa jam'iyyar Reconquete, wato sake ƙwace ƙasa, ya tsaya takarar shugaban ƙasa. A Afrilun 2022 ya zo na huɗu da kashi 7 cikin 100, kusan mutum miliyan 2 da rabi. Watanni 2 bayan haka ya nemi kujerar majalisa a yankin Var, ya faɗi tun zagayen farko.