Abin Karya Kumallo a Gidan Manomi

Yau za mu yi magana a kan abincin safe, watau abin da mu ke karya kumallo da shi. Wataƙila wani ya ce wannan ai zancen mata ne, a bar musu. Ko kaɗan. Maigida shi ke fid da hatsi daga rumbu, shi ke ba da kuɗin cefane, uwargida kuwa ita ke hura wuta. Saboda haka zancen ya shafi kowa.

Mu duba yadda safiya ta ke a yawancin gidajenmu, tun daga Funtuwa har Malumfashi. A dama koko, a zuba sukari, kowa ya sha ludayi biyar ko shida, a watse. Gobe haka, jibi haka, gata ma haka. Koko ba shi da laifi, yana ɗumama ciki, ga shi da araha. Amma fa yawancinsa ruwa ne. Ku tuna, daga tuwon dare zuwa wayewar gari awa goma ne ko fiye, ciki bai ga kome ba. In aka tare shi da ruwa-ruwa kaɗai, kafin rana ta yi tsaka ya koma wayam. Mai huɗa a gona ya ji gwiwarsa ta yi sanyi. Yaro a makaranta ya shiga gyangyaɗi, malam yana magana ba ya ji. Sai a ce yaron raggo ne, ko daƙiƙi, alhali kuwa yunwa ce. Ai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Abin da jiki ke so

Masana sun raba abinci kashi uku. Na fari shi ne mai ba da ƙarfi, kamar dawa da gero da masara da shinkafa da rogo da dankali da mai. Na biyu shi ne mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da waken suya da ƙwai da nono da nama da kifi. Na uku shi ne mai tsare jiki daga cuta, kamar zogale da rama da alayyafo da kuka da kabewa da tumatir. Koko da sukari duka a kashi na fari su ke. Kun ga wanda ya tsaya gare su kullum ya bar kashi biyu a baya.

Ga lissafi kaɗan. In aka raba ƙwayar masara kashi 100, abin gina jiki da ke cikinta bai wuce kashi 10 ba. Wake yana da kamar kashi 24, gyaɗa kamar kashi 25, waken suya kuwa ya kan kai kashi 36 ko fiye. Bayan wannan, abin gina jiki na hatsi yana da giɓi, wake shi ke cike giɓin nan, shi ma hatsi ya cike na wake. Don haka kakanninmu da su ka haɗa koko da ƙosai ba su yi banza ba.

Ba mu rasa kayan ba

Ƙasarmu ƙasar noma ce, duk Jihar Katsina an san haka. A da dawa da auduga su ne kan gaba. A shekarar 1975 aka buɗe babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da sabon iri su ka shigo ƙauyuka, daga nan masara ta bunƙasa har ta zama abincin yau da kullum. Yanzu muna noma masara da dawa da wake da gyaɗa da waken suya. Ga tumatir da rake a wajen Ɗanja. Wanda ya je kasuwar Ɗandume da kaka ya ga yadda manyan motoci ke lodin hatsinmu suna tafiya da shi nesa.

To, ina matsalar? Da kaka mu kan sayar da wake da gyaɗa da waken suya kakaf, domin su ne masu kuɗi, mu bar wa gida masara tsura. Da bazara in an so ƙosai sai a sayi wake gwangwani-gwangwani da tsada, in babu kuɗin a haƙura. Gida bai ƙoshi ba mun kai wa dawa. Shawararmu ta fari ita ce, kafin buhu ya tafi kasuwa a ware na karin kumallo.

Wani zai ce wake ba ya ajiyuwa, ƙwari su ke cinye shi. Akwai dabara. Akwai buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka su ka ƙago, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. A shanya wake ya bushe ƙwarai, a zuba, a matse iskar, a ɗaure kowane baki dabam. Ƙwaron ya rasa iska ya mutu, ba a sa magani ko ɗigo ba. Jarka mai tsabta mai murfi gam ita ma tana yi, in an cika ta fal. Waken da za a ci kada a barbaɗa masa maganin ƙwari.

Abubuwan da za a canza baki da su

Ɗanwake. Sunansa ya faɗi abin da ke ciki, amma yanzu wasu da fulawa tsura su ke yinsa. A mai da masa wakensa. A niƙa wake da dawa ko busasshen rogo tare, a ajiye garin. Da safe a kwaɓa da kuka da ɗan ruwan kanwa, a jejjefa cikin tafasasshen ruwa, in ya taso ya nuna a tsame. A sa mai da yaji, a yanka albasa da tumatir. Ba ya cin itace da yawa, kuma yana riƙe ciki har azahar.

Dambu. A turara tsakin masara da zogale da albasa, a zuba dakakkiyar gyaɗa ko garin ƙuliƙuli, a sa mai. A cikin kwano guda an sami kashin nan uku duka. Zogale a shanya shi a inuwa, gama rana tana rage masa amfani.

Awara. Waken suya asalinsa daga ƙasar Sin ne, mutanen can sun fi shekara 1,000 suna yin irin wannan abinci da shi. A jiƙa shi da dare, a niƙa, a tace. A tafasa ruwan sosai, a zuba ruwan tsami ko na tsamiya, sai ya dunƙule. A juye a ƙyalle mai tsabta, a danne da dutse, a yayyanka a soya. Dusar kuma ta awaki ce. Waken suya ba a cinsa sai ya dahu ƙwarai.

Fate. Ko na tsaki da rama da gyaɗa, ko na wake da dankali da manja. Shi ya fi dacewa da tsofaffi da ƙananan yara, domin taushinsa.

Ɗumame. Kada kowa ya raina shi. Tuwon jiya da miyar kuka mai daddawa abinci ne sosai, balle in an daka ɗan wake ko busasshen kifi a miyar. Sharaɗinsa biyu: a rufe shi da dare, da safe kuma a ɗumama shi har ya yi zafi can ciki, yana tururi. Wanda ya fara yauƙi ko wari a zubar.

Ba mu manta da alala da waina da kwaɗon zogale ba, ko dafaffen rogo da ƙuliƙuli. Ga misalin yadda za a tsara mako guda. Kowa ya rubuta shi, ya je gida su gyara shi bisa ga ƙarfinsu.

Asabar: koko da ƙosai.
Lahadi: ɗanwake da tumatir da albasa.
Litinin: ɗumame da miyar kuka.
Talata: dambun tsaki da zogale.
Laraba: awara da kunu.
Alhamis: faten wake da dankali.
Jumma'a: waina da miyar taushe.

Kun ga ba mu kori koko ba, abokan zama mu ka samo masa. Kun ga kuma babu abin da za a je birni a sayo.

A yi hattara da abu uku

Na fari gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda. Yawansa yana kawo hawan jini. Dunƙulen miya da mu ke saye a kanti gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, saboda haka in an sa shi a rage gishiri, a ƙara daddawa da albasa da citta. Gishirin kuma a sayi mai aidin. Tun 1993 dokar Nijeriya ta ce a riƙa sa aidin a gishirin ci, domin shi ne rigakafin maƙoƙo. A ajiye shi a rufe, nesa da murhu.

Na biyu kanwa. Kaɗan ta isa. In ta yi yawa tana kashe wani amfanin abincin.

Na uku gyaɗa ko masara da ta yi funfuna. A tsince ta a yar, kada a ce za a ɓad da ita cikin ƙuliƙuli. Dafinta hanta ya ke taɓawa, wuta kuwa ba ta kashe shi.

Magana ga masu gida

Yanzu mu juyo kanmu, mu maza. Wani ya kan fita da sassafe ya zauna teburin mai shayi, a soya masa ƙwai biyu da burodi, iyali kuwa an bar su da koko gaya. Kuɗin ƙwan nan da shayi da burodi in aka sayi wake da su, gida duka zai lasa. Wasu kuma sun ce kada a ba yaro ƙwai, wai zai koyi sata. Wannan camfi ne. Yaro shi ya fi kowa bukatar ƙwai, gama shi ke girma. Da damina zabi suna zuba ƙwai, kada a kai kasuwa duka. Jariri ma in ya cika wata 6 a fara ba shi dafaffen ƙwai da kunun gyaɗa, tare da nonon uwa.

Sa'an nan mu tuna aikin safe yana da yawa a kan mata: ruwa, shara, wankan yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya tanadi itace, ya kai niƙa tun da yamma. Uwargida ta surfa wake ta jiƙa tun da dare. Yarinyar da ke tallan ƙosai kuwa ta fara cin nata kafin ta fita, ta kuma dawo da wuri ta tafi makaranta.

Ba mu ce a canza kome da kome rana ɗaya ba. A fara da kwana biyu cikin mako, a duba yadda yara za su yini, a duba yadda aikin gona zai tafi. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. In mun sake haɗuwa muna so kowa ya zo ya gaya mana abin da aka dafa a gidansa, da abin da yara su ka ce. Mu tashi lafiya.