Daga Gonar Auduga Zuwa Keken Tela: Ina Igiyar Ta Tsinke?



Rigar da ke jikin kowannenmu sai da ta bi ta hannu shida: manomin auduga, mai gurza, mai kaɗi, masaƙi, marini, sannan tela. In hannu ɗaya ya tsaya, sauran biyar sun tsaya.

A da igiyar nan a haɗe take. Audugar Funtuwa da Gusau a gurje ta a gida, a kai ta masaƙun Kakuri a Kaduna, inda aka buɗe KTL tun 1957, yadi ya fito ya wuce Kantin Kwari. Yau manomi na nan, tela na nan, tsakiyar ce ta rushe. Masaƙu sun rufe saboda tsadar wuta da fasa-ƙwauri. Sai manomi ya rasa tsayayyen mai saye, ya koma masara da waken suya. Shi kuma ɗan kasuwa ya zauna jiran kwantena daga Caina, ta kwana a tashar Apapa, ta biyo hanya shinge bayan shinge. Kuɗin kowane jinkiri a kan wa yake ƙarewa? A kan uban da zai yi wa 'ya'yansa ɗinkin Sallah.

To, mene ne abin yi? Abu uku.

Na farko, masaƙa ta ƙulla yarjejeniya da manoma tun kafin damina: ga iri mai kyau daga Samaru, ga farashi a rubuce. Manomin da ya san mai sayensa ba ya gudun auduga.

Na biyu, akwai tashar tsandauri a Kaduna, akwai ta Dala a Kano. A sa jirgin ƙasa ya riƙa kawo musu kaya a kan kari, kwastan su tantance a nan, ba sai an yi zarya zuwa Legas ba.

Na uku, odar gwamnati. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa na fifita kayan gida wajen sayayyar hukumomi. Kayan makaranta, zannuwan asibiti da kakin ma'aikata, in aka ba masaƙunmu da ƙungiyoyin teloli da wuri, kowa zai san yawan abin da zai tanada.

'Yan uwa, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: a ina aka saƙa yadin makarantun jiharmu? In ya yi shiru, kun sami amsa.

Allah Ya sa mu dace.