Amsar Wasiƙunku: Ma'aunin Zafin Jiki Na Gilashi

Wani mai sauraronmu daga Wudil yana tambayar asalin ma'aunin zafin jiki na gilashi, da ko yana da haɗari.

To Malam, na da can tsawonsa ƙafa guda ne, sai an jira minti 20. Wajen 1867 wani likitan Ingila, Thomas Allbutt, ya rage shi zuwa inci 6, minti 5 ya wadatar.

Ruwan nan mai ƙyalli da ke ciki zaiba ce, kuma guba ce. In ya fashe, a fitar da yara, a buɗe taga, kada a sa tsintsiya, a kwashe da kwali.

In awon yaro ya kai 38, a garzaya asibiti a gwada jini, kada a ce sai Juma'a ranar kasuwa. Allah Ya ƙara mana lafiya.