Maganaɗisu da Shanyewar Ɓarin Jiki: Jawabi ga 'Yan Kasuwar Adjamé da Treichville



Da yawanku kun ji labarin na'urar da ake ɗora wa mai shanyewar ɓarin jiki a ka, wai ta maido masa da ƙarfin hannu. Na'urar gaskiya ce. Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fito da ita a Sheffield ta Ingila a 1985. Ana ɗora wani murɗaɗɗen waya a kan fatar kai, ya aika bugun maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai, ya motsa sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hannu. Ba a tiyata, ba a allura.

Sai dai a yi hattara. A 2008 Amurka ta amince da ita don maganin ciwon damuwa mai tsanani, amma a kan shanyewar jiki har yanzu gwaji ake yi. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2018, an raba majinyata 199 gida biyu, wasu da bugun gaske, wasu da na bogi, kowa kuma yana atisayen hannu. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan daidai. Saboda haka kada magidanci ya sayar da rumfarsa ko ya cinye jarinsa don ita. Awarwaron maganaɗisu da ake talla kuwa ba shi da wata alaƙa da wannan na'ura. Mai farfaɗiya, ko mai ƙarfe a cikin kai, ko mai na'urar daidaita bugun zuciya, lalle ne ya sanar da likita tukuna.

Abin da aka tabbatar shi ne gaggawa da naci. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a kira SAMU a 185, ko a garzaya CHU na Treichville ko na Cocody. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ɗura wa majinyaci ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa.

Bayan sallama, watanni ukun farko su ne damina, a lokacin ake shuka. A bi likitan gashi, a bar majinyaci ya riƙe cokali, ya ƙirga kuɗi, ya ɓalle maɓalli da hannun da ya raunana, kullum. A riƙa auna hawan jini, a rage gishiri da dunƙulen miya, kada a daina shan magani don an ji sauƙi.

Allah Ya ƙara mana lafiya.