Iyakar Ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara Wajen Ba Da Umarnin Tilas



Da Sakatare ya nemi in yi magana a kan aikinmu na lauya, sai na tuna wani abokin karatunmu da wani ofishi ya riƙe wa takardun sallama wata da watanni. Ya zo mini a fusace ya ce, "Barista, mu wuce Kotun Ƙoli kawai a tilasta su." Na ce masa ai ba haka ake shiga ba, ya ɗauka tsoro nake ji.

Abin da yake nema shi lauyoyi ke kira mandamus. Kalmar Latin ce, ma'anarta "mun umarta". Wato kotu ta tilasta wa jami'in hukuma ko ƙaramar kotu yin aikin da doka ta ɗora masa ya ƙi yi. To, amma wace kotu ce ke da ikon ba da shi?

Bari in kai ku Amurka. Shugaba John Adams ya faɗi zaɓen 1800, sai kafin ya sauka a watan Maris na 1801 ya naɗa mutanensa ƙananan alƙalai. An sa hannu, an buga hatimi, amma wasu takardun naɗin ba su kai ga masu su ba, har da ta William Marbury. Da Thomas Jefferson ya hau, sakatarensa na harkokin waje, James Madison, ya ƙi sakin takardar. Marbury ya nufi Kotun Ƙoli kai tsaye, yana dogara da sashe na 13 na Dokar Shari'a ta 1789.

Ranar 24 ga Fabrairu 1803 Alƙalin Alƙalai John Marshall ya yanke hukunci. Abin dariya, shi ne sakataren da takardun suka maƙale a hannunsa tun farko. Ya ce Marbury na da hakki, kuma an zalunce shi. Amma Tsarin Mulki ya ƙayyade ƙararrakin da za a fara a Kotun Ƙoli: na jakadu da makamantansu, da waɗanda jiha take ciki. Sauran duk sai ta hanyar ɗaukaka ƙara. Ɗaukaka ƙara kuwa gyaran shari'ar da aka riga aka yi ne a ƙasa. Tilasta wa Madison ya miƙa takarda sabuwar shari'a ce, kuma majalisa ba ta isa ta ƙara wa kotu ikon da Tsarin Mulki bai ba ta ba. Sashen nan ya faɗi, Marbury kuma bai taɓa hawa kujerar ba. A ganina Marshall ya yi dabara: da ya ba da umarnin, Jefferson zai yi biris da shi, kotu ta ji kunya.

Ko a inda kotun sama take da iko a kan ta ƙasa, akwai iyaka. Tana iya cewa alƙali ya saurari ƙarar da ya ƙi saurara, amma ba ta gaya masa wanda zai ba gaskiya. Kuma wanda yake da damar ɗaukaka ƙara ba a ba shi wannan umarni don ya yanke hanya.

Mu ma nan gida daga Babbar Kotu ake farawa. Da aka kashe Dele Giwa a 1986, Gani Fawehinmi ya nemi irin wannan umarni a kan Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Legas. A Babbar Kotun Legas ya fara, ya bi ta Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan a 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da hurumin shigar da ƙarar.

Abokin namu dai ya haƙura muka shigar a Babbar Kotu. Kafin zama na biyu aka kira shi ya karɓi takardunsa.