Kuskuren da Ya Ci Lambar Nobel



A 1934, a birnin Rum, masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka riƙa harba ƙwayoyin niyutiron kan yuraniyom, ƙarfen nan da ake haƙa a Arlit ta Nijar. Suka ga baƙin abubuwa sun fito, suka ɗauka sababbin sinadarai ne da suka fi yuraniyom nauyi. Har suna aka raɗa musu. A 1938 aka ba Fermi lambar Nobel, kuma wannan aikin yana cikin dalilan.

Ashe ba haka ba ne. Ƙwayar yuraniyom ɗin ce take darewa biyu a gabansu, ba su ankara ba.

Abin takaicin shi ne an faɗa musu. Tun a 1934 wata Bajamushiya masaniyar sinadarai, Ida Noddack, ta rubuta cewa watakila ƙwayar fashewa take yi. Aka yi kunnen uwar shegu da ita, domin manyan masana na ganin hakan ba zai yiwu ba. A ganina laifin yana nan: kuskuren awo kowa na yi, amma ƙin gwada maganar mai gyara sakaci ne.

Sai a Disamban 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano bariyom, sinadarin da bai kai yuraniyom nauyi ba, a cikin ragowar yuraniyom da suka harba wa niyutiron, Lise Meitner da Otto Frisch suka fayyace dalili: ƙwayar ce ta dare biyu. Fermi bai yi gardama ba. A 1942, a Shikago, shi ya jagoranci kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya.